Malam Ukasha na Zauren Kwamfuta da 'Ya'yanmu da Ba Su Dawo Ba

Jawabin Hajiya Halima Sa'adiyya Roni, tsohuwar shugabar makarantar firamare kuma shugabar kwamitin iyayen ɗaliban Zauren Kwamfuta, a taron addu'a da tunawa da marigayi Malam Ukasha Halliru, a harabar Zauren da ke Kazaure.

Da sunan Allah, wanda rai da mutuwa suke hannunsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma wakilin Majalisar Masarauta, Allah ya ja zamaninka. Masu girma hakimai da dagatai da masu unguwanni, ranku ya daɗe. Malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku. Wakilan ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura. Arɗo da jama'ar rugage da suka baro dabbobinsu suka taho tun da sassafe. Malama Mas'uda, wakiliyar kamfanin sadarwar da ya kafa mana wannan Zaure. Hajiya Dela, mahaifiyar marigayi. Shatu, mai ɗakinsa, da 'ya'yansa Ma'u da Abu. Ɗalibai, iyaye, 'yan uwa maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyaye ne suka ce in yi magana da bakinsu. Na ce a nemi wani, domin abin da aka saba, ɗalibi ke tsayawa ya yi wa malamarsa addu'a bayan ranta. Ni kuwa ni na koya wa Ukasha baƙi da wasali a Roni, yana yaro ɗan siriri da wando mai faci a gwiwa. Suka ce ai shi ya sa. To ga ni, kuma idan muryata ta karye a tsakiya, ku yi mini uzuri.

Abu ɗaya na riƙe game da yarintarsa. Idan na kira suna da safe wani yaro bai amsa ba, sai Ukasha ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, na san gonarsu." Kafin in ce uffan ya fice. Can sai ga shi ya dawo da yaron, ƙafafunsu duk taɓo. Na sha yi masa faɗa, na ce ba aikinsa ba ne. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Malama." Gobe kuma ya sake.

Ya girma ya kama aiki a sashen ilimi na ƙaramar hukuma, yana buga takardu da tafireta. Da kwamfuta ta shigo ofishin, kowa ya lulluɓe ta da zane yana tsoron kada ta lalace a hannunsa, shi ne ya yaye zanen ya zauna ya koya. Don haka lokacin da kamfanin sadarwa ya zo da shirinsa na koyar da marasa galihu aikin na'ura, ya ce yana son ɗan ƙasa ya riƙe masa ragama, ba a yi dogon nema ba.

Za mu faɗi alherin kamfani a gaban wakiliyarsa, domin ba mu iya butulci ba. Ya buɗe Zaure a nan Kazaure, da Roni, da Gwiwa, da Kanya Babba. Ya kawo kwamfutoci da sola da kujeru. Ya ce a ɗauki marayu da zawarawa da naƙasassu da 'ya'yan makiyaya, da matasan da suka gama sakandare suna zaman gindin bishiya, kuma ba a karɓi komai a hannun kowa ba. Abin da kamfani bai iya saukewa daga mota ba shi ne ɗalibai. Watan farko Zauren Gwiwa ba mai shigarsa sai ƙadangaru. Ukasha ne ya ɗaura kwamfuta a bayan babur ya bi ƙauyuka gida-gida.

Arɗo yana zaune a nan, shi ya ba ni labarin ranar da ya isa rugarsu. Ya ce ya kalli na'urar ya tambaye shi, "Malam, wannan akwatin naka yana kiwo?"

Ukasha ya ce, "Ba ya kiwo, Arɗo. Amma yana faɗa maka kuɗin sa a kasuwa kafin ka wahalar da shi da tafiya. Kuma idan saniya ta kwanta, yana nuna ta ga likitan dabbobi yana zaune a Kazaure."

Arɗo ya ce, "To shi akwatin me zai ci a wurina?"

Ya ce, "Mutum ɗaya kawai za ka ba ni."

Arɗo ya ba shi 'yarsa Jannatu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Yau Jannatu ce take koyar da matan rugage da Fulatanci, kuma man shanunsu yana kaiwa Kano ba tare da sun taka kwalta ba.

Ya kasance mai haƙurin koyarwa. Tsohuwa za ta danna wuri ɗaya ta ɓata sau goma, shi kuwa ya ce, "Inna, na'urar ce ba ta saba da ke ba tukuna." Ya kasance ba ya raina kowa. Gurgun da ke rarrafowa Zauren Roni, Ukasha ne ya sa kafinta ya yanke ƙafafun teburi ɗaya domin na'ura ta sauko daidai shi. Ya kasance mai tsoron amana, har mukan ce ya cika tsanani. Ya kasance idan ɗalibi ya yi fashi, ba ya aika saƙo, shi yake zuwa.

Da a nan labarin ya tsaya, da na zauna. Amma iyaye ba don in jera yabo kawai suka tsayar da ni ba.

Daminar bara, ranar bikin yaye ɗalibai, a wannan haraba da muke zaune, wasu mutum uku suka sauko daga wata farar mota. Shiga ta mutunci, turare na tashi. Babbansu ya ce sunansa Alhaji Maikasuwa. Aka ba su kujerun gaba. Mu mun ɗauka mutanen kamfani ne. Mutanen kamfani sun ɗauka baƙin ƙaramar hukuma ne. Suka ci abincinmu, suka tafa wa 'ya'yanmu, suka ɗauki hoto da su, suka karɓi lambobin wayoyinsu. Suka ce suna da ofis a wani birni na bakin teku, can ƙasar da ake kashe sefa, suna neman matasa masu iya kwamfuta. Ɗaki nasu, abinci nasu, takardun tafiya ma su za su yi.

Ukasha ya ja Alhajin gefe, ina tsaye kusa ina jin su. Ya ce, "Alhaji, wane irin aiki ne?"

Ya ce, "Aikin ofis."

"Ina sunan ofishin? Wa zan kira a can ya tabbatar mini?"

Mutumin ya yi murmushi, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Malam, kai ka koyar, mu mu ciyar. Kowa da nasa. Ai na san gidanka, mai darbejiya a ƙofa. Ka gaida mini Ma'u da Abu."

Jama'a, ranar ce Ukasha ya fara ganin mutumin a rayuwarsa.

Ukasha ya tambayi kamfani, kamfani ya ce bai san su ba. Ya tara iyaye a dukkan Zauruka huɗu, ya ce, "Banza ba ta kai zomo kasuwa. Aikin da ba za a faɗa maka sunansa ba sai ka isa, kada ka bar ɗanka ya je." Wasu suka ji. Amma matashin da ya riƙe takardar shaida yana kallon mahaifinsa yana auna sauran gero a rumbu, wa'azi ba ya shigarsa da sauƙi. Waya kuma tana aljihunsa, suna kiransa ba tare da sun bi ta zauren gidan ubansa ba. Kafin a yanke gero, mutum tara sun tafi. A cikinsu akwai Ɗan'azumi, tela daga Gwiwa, mai mata da jariri. A cikinsu akwai autana, Jalaluddeen. Ya durƙusa a gabana ya ce, "Umma, ki sa mini albarka." Na ce sai Malam Ukasha ya yarda. Wata safiya na tura ƙofar ɗakinsa na tarar an share, an naɗe tabarma an jingine.

Da fari sukan kira da fara'a. Daga baya kiran ya gajarce. A wajen wani suna a Kanya Babba muka haɗu da uwar ɗaya daga cikinsu, take ba ni labarin abin da ɗanta ya ce mata: "Lafiya lau nake, aiki yana tafiya, ku turo abokaina akwai gurbi." Sai na ce mata ai kalmomin da nawa ya faɗa mini ke nan, ba ragi ba ƙari. Muka tambayi sauran iyaye. Duka haka. Baki tara, magana ɗaya.

Na kira Ukasha ya zo gidana ranar da na san Jalaluddeen zai kira. Da wayar ta yi ƙara ya karɓa ya ce, "Jalalu, ni ne Malam. Wane masallaci kake Juma'a?" Muka ji numfashin wani kusa da shi. Aka kashe.

Shatu, ke kika faɗa mini abin da ya biyo baya, kuma kin ba ni izinin in faɗa. Ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya haɗa kaya a jakar hannu. Kika tare ƙofa kika ce, "Malam, in ka je ba ka dawo ba fa? Ka dubi yaran nan."

Ya ce, "Shatu, ni na zaunar da su a gaban na'urar nan. Da ban koya musu ba, ba wanda zai tuƙo mota ya zo nemansu. In na zauna, da wane ido zan kalli iyayensu a masallaci?"

Kika matsa gefe ya wuce. Allah ya saka miki.

Ya isa birnin nan na bakin teku ya sauka a zango, wurin Hausawa 'yan uwanmu masu fataucin goro. Sarkin zango ya haɗa shi da hukumar can. Suka bi sawu har wani gida mai doguwar katanga da waya mai ƙaya a samanta. Da aka fasa ƙofa, an tarar da matasa daga ƙasashe daban-daban, amma namu uku kaɗai ke ciki. Sauran shida an kwashe su tun kafin a iso. Wani ya riga ya sanar da masu gidan.

Ɗan'azumi yana cikin ukun, ga shi can a zaune, kuma shi ya ce in faɗa domin kowa ya ji. An karɓe takardunsu tun ranar da suka isa. An jera su a gaban wayoyi da kwamfutoci, an ce wannan ya zama ma'aikacin banki, wancan ya zama budurwa mai neman aure, su yi ta yaudarar bayin Allah da ba su taɓa gani ba. Wanda ya ƙi, a hana shi abinci. Wanda ya sake ƙi, a sa masa wayar wuta a baya. Duk abin da Ukasha ya koya musu don su ci halal, da shi aka tilasta su yin damfara. Ɗan'azumi ya ce ganinsa na ƙarshe da Jalaluddeen, ana tura shi cikin wata bas, yana sanye da rigar da aka raba musu a nan ranar yaye.

Ranar da Ukasha ya dawo, bai fara zuwa gidansa ba. Ya zo ƙofata ya tsuguna kamar yadda yake yi yana yaro. Ya rame, idonsa ya faɗa. Ya ce, "Malama, na dawo da uku. Naki ba ya ciki." Na ce ya shigo ya sha ruwa. Ya karɓi kofin ya riƙe, har ya tashi bai kai shi baki ba.

Ya kasance daga ranar bai sake hutawa ba. Ya nemi kamfani ya ƙara darasi a kan yadda ake gane mayaudara, aka ce masa manhaja daga hedikwata take zuwa, za a duba. Bai jira ba. Idan aka tashi daga aji sai ya fito da ɗalibai gindin bishiya ya koyar da su da bakinsa. Ya kasance yana bin masallatan Juma'a da kasuwanni, Ɗan'azumi na gefensa, yana ɗaga rigarsa jama'a su ga tabon da ke bayan telan. Ya kasance ana kiran wayarsa a yi shiru, ko a gaishe shi a tambayi lafiyar yara da sunayensu. Ya kai ƙara ga hukuma, ya sauya wa Ma'u da Abu hanyar makaranta, ya ci gaba.

Sai labari ya zo masa cewa an ga mota a Gwiwa. Wasu fuskoki ne daban, da wani sunan ofis daban, kuma wannan karon har 'yan mata suke nema. Ya karya kumallo, ya hau babur. Da hantsi, matan da ke kai abinci gonar gyaɗa suka ga babur a kwance a gefen hanya, ko madubinsa bai fashe ba. Shi kuma yana cikin kwari, da rauni a ƙeya. Ba jakarsa, ba wayarsa. Sun ce leɓɓansa na motsi da kalmar shahada. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba zan faɗi abin da ban gani ba. Magana tana hannun hukuma, kuma ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma zan faɗi abin da kunnena ya ji, wanda na riga na faɗa wa masu bincike. A ranar, ina tsakar gida ina tsince shinkafa, labari bai iso Roni ba tukuna, wayata ta yi ƙara. Jalaluddeen ne. Ya ce lafiya lau yake, aiki yana tafiya. Sannan ya ce, "Umma, an ce in ce ku yi haƙuri da rashin Malam."

Na ce, "Wane Malam?"

Aka kashe. Ban ajiye farantin ba sai ga sallamar mai kawo labari.

Malama Mas'uda, 'yata, ki juya ki dubi ƙofar da ke bayanki. Tun bayan rasuwar nan kwaɗo ke rataye a kanta, haka ma sauran ukun. An ce mana kamfani yana nazari. Mun san ke 'yar aike ce, kuma mun ga hawayenki ranar jana'iza. Ki kai mana wannan saƙo. Kulle Zaure ba zai kori mayaudaran nan ba, domin lambobin 'ya'yanmu suna hannunsu, kuma waya ba ta buƙatar Zaure kafin ta yi ƙara. Kun koya wa yaranmu shiga wata duniya da mu iyayensu ba mu san hanyoyinta ba. Idan kuka janye yanzu, kun bar su a ciki da waɗancan mutane su kaɗai. Ku buɗe, ku sa darasin da Ukasha ya roƙa, kuma ku yi amfani da girman sunanku wajen neman shidan nan, domin ƙofar da ba za a buɗe wa tsohuwar malamar firamare ba, ku za a buɗe muku. Ko kun buɗe ko ba ku buɗe ba, Jannatu ta ce ranar Asabar za ta shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar Zauren Gwiwa ta ci gaba da koyarwa da wayarta. Arɗo ya ce shi da mutanensa za su zauna kusa da ita da sandunansu.

Iyaye, ku saurare ni. Makon jiya an ga farar mota a kasuwar Babura. Mai yiwuwa ta wani bawan Allah ce, mai yiwuwa kuma ba haka ba. A wannan taron ma ina ganin fuskokin da ban sani ba. Muna maraba da duk wanda ya zo da addu'a, amma mun taɓa ba baƙo kujerar gaba ba mu tambaye shi daga ina ba. Duk wanda ya zo garinku da maganar aiki, ku kai shi gaban mai unguwa. Duk yaron da kuka ga ya fara fita bayan gida yana amsa waya, ku zauna da shi ku tambaye shi da lallashi, tun yana hannunku. Ranku ya daɗe hakimai da dagatai, wannan nauyi har da ku.

Hajiya Dela, yaya, ni na koyar da shi, amma ke kika haife shi kika tarbiyyantar. Akwai gidaje uku da ake dafa tuwo yau da cikakken lissafin baki saboda ɗanki. Ki yi haƙuri, ki yafe masa, ki ci gaba da sa masa albarka.

Shatu, kin ce ba za ki bar gidan nan mai darbejiya ba. Mun ji. To ki sani ba ke kaɗai za ki zauna a cikinsa ba. Maƙwabta sun ɗauki alkawari a gaban dagaci, mu mata kuma ba za mu ɗauke miki ƙafa ba bayan an naɗe tabarmin makoki.

Ma'u da Abu, ku ɗago kanku. Wata rana wani zai ce muku da babanku ya yi zamansa da yana nan da rai. Ku kawo shi wurin matar Ɗan'azumi ta ba shi amsa.

A madadin kwamitin iyaye, muna godiya ga Majalisar Masarauta, da malamai da suka sauke Alƙur'ani da safiyar nan, da matan gonar gyaɗa da suka tsaya a kansa ba su gudu ba, da sarkin zangon da ya karɓe shi a ƙasar da ba tasa ba, da duk wanda ya baro aikinsa ya zo. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, kuma don Allah kada kowa ya kama hanya shi kaɗai.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Ukasha. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ka raya abin da ya bari a kan tafarkin gaskiya. Ka ba mahaifiyarsa da iyalinsa haƙuri. Abin da ya faru a hanyar Gwiwa, kai ka gani, ka bayyana shi. Ka tsare mana 'ya'yanmu maza da mata daga mai zuwa da murmushi yana ɓoye sharri.

Ya Allah, shida suna can. Mu ba mu san garin ba, ba mu san gidan ba, kuma wanda yake zuwa nema ka karɓe shi. Kai ka san inda suke. Ka dawo mana da su da ƙafafunsu.

Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.